Mura ta tafi ta bar mini ciwon fuska: in ƙara shan antibayotik?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Tudun Wada, Kaduna, shekaruna 38. Sati biyar da suka wuce na yi wata muguwar mura da zazzaɓi da ciwon jiki. Zazzaɓin ya sauka cikin kwana huɗu, amma har yau fuskata a ɗaure take, kumatu da karan hanci da goshi, kamar an ɗora mini dutse, musamman in na yi sujada. Da dare hancina toshewa yake yi. Na sha antibayotik kala biyu daga kemis, kullum ina fesa maganin buɗe hanci tun farkon ciwon, ga farasitamol safe da yamma. Maƙwabciyata ta ce sanyi ne ya shige ni, wani kuma ya ce in je in yi hoton kai. Wannan shi ne ciwon sainus? In nemi antibayotik mai ƙarfi?

Amsa: Malama, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. A'a, kada ki sayi na uku. Ban duba ki ba, amma a aikina na likitan kunne, hanci da maƙogwaro, da zarar hunturu ya kankama irin wannan koken ne ke cika mini benci, kuma da wuya ƙarancin antibayotik ya zama shi ne matsalar. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki ma ba ciwon ba ne, maganin buɗe hancin nan ne da kika yi sati biyar kina fesawa. Zan zo kansa.

Ƙashin fuskar mutum ba a cike yake ba, akwai koguna masu iska a cikinsa, su ne ake kira sainus. Guda takwas ne, huɗu dama huɗu hagu: na kumatu, na goshi, na tsakanin idanu, da wani can ciki bayan hanci. Kowane kogo an shimfiɗe shi da tattausar fata mai fitar da majina, a kanta kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsin gashi da ido ba ya gani, aikinsu dare da rana shi ne share majinar zuwa wata 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin hanci. Ƙofar ba ta wuce 'yan milimita ba. Ta kogon kumatu ma a sama take, kusa da rufin ɗakin, don haka majina ba ta gangarowa da kanta, sai gashin nan ya tura ta sama. Ki ɗauka randa ce da aka huda ta a wuya maimakon a gindi.

Ƙwayar cutar mura, ko ta korona, in ta shiga sai ta kumbura wannan fata, ta kakkarya masu sharar. Jiki yakan gama da ƙwayar cikin kwana 7 zuwa 10, amma gyaran ɓarnar da ta yi yakan ɗauki makonni, wani lokaci wata guda ko fiye. Ɓarawo ya tafi, saura gyaran katanga. A wannan tsakanin ƙofa a matse take, majina ta yi kauri, jijiyoyin fuska kuma sun zama masu saurin jin zafi, abin da da ba su damu da shi ba yanzu sai su kai ƙara. Shi ya sa in kin sunkuya ruku'u ko kin kai goshi ƙasa, jini ya taru a wurin, sai ki ji kamar fuskar za ta zube. Wannan nauyin na sujada ba shaidar ruɓa ba ne, duk fatar da ta kumbura haka take yi. Mu a wurinmu, matsalar da ta biyo bayan mura muddin ba ta kai sati 12 ba, ba ma kiranta daɗaɗɗen ciwon sainus. Ke kina sati na biyar.

A cikin mutum 100 da suka yi mura, waɗanda abin ke rikiɗe musu ya koma ciwon bakteriya, wato irin wanda antibayotik ke wa aiki, ba su wuce 2 ba. Kuma yana da kamanni: mutum ya fara samun sauƙi sai ya sake kwantawa, zazzaɓi ya dawo ya haura 38 a ma'auni, ciwo mai tsanani ya tsaya ɓari ɗaya, majina mai kama da mugunya na fita daga hanci guda. Ba ki ambaci ko ɗaya ba. Launin majina shi kaɗai kuwa ba hujja ba ne. Kore ko ɗorawa, sojojin jinin jikinki ne suka rina ta, kuma haka take yi ko a murar da babu bakteriya a cikinta. Kin sha kala biyu ba ki ga canji ba, wannan ma amsa ce. Na uku abin da zai ƙara miki shi ne gudawa, ko ƙaiƙayin gaba irin wanda mata ke samu bayan antibayotik, da kuma koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai, ta yadda ranar da kike buƙatar maganin da gaske zai ƙi ci.

Yanzu ɗauko kwalbar maganin hancin nan ki karanta jikinta. In kin ga an rubuta xylometazoline ko oxymetazoline, to mun kama ɗaya daga cikin masu laifin. Wannan magani matse jijiyoyin jinin hanci yake yi, cikin minti kaɗan hanci ya buɗe garau, mutum ya ce ya samu waraka. Amma na kwana 3 zuwa 5 ne. In aka zarce, da ƙarfinsa ya sake sai hancin ya kumbura fiye da da, ki sake fesawa, ya sake toshewa, tazarar kuma tana raguwa. Na ga masu ajiye kwalba ɗaya a jaka, ɗaya ƙarƙashin matashi, ɗaya a aljihun mota. Wata mai ɗinki a Kasuwar Bacci ta zo mini da tabbacin cewa tsiro ne a hancinta, sai an yi aiki. Na leƙa, fatar ta yi jajur ta kumbura, babu tsiro ko ɗaya. Da na tambaye ta tun yaushe take fesawa, sai ta fara lissafi da ƙaramar salla, alhali muna cikin Janairu. Ba mu yi mata aiki ba, raba ta da kwalbar muka yi.

Rabuwar ba ta da daɗi, gara in faɗa miki tun yanzu. Kwanakin farko za ki ji kamar an cusa miki auduga, barci zai yi wuya, kuma a nan ne yawancin mutane ke komawa ruwa. Dabara ita ce ki daina fesa wa hanci ɗaya tukuna, ki bar ɗayan kina numfashi da shi. In na farkon ya buɗe da kansa, yawanci cikin sati ɗaya zuwa biyu, sai ki yaye na biyun. Ki ƙara matashi ki ɗaga kanki da dare.

Abin da zai maye gurbinsa abu biyu ne, kuma na farkon kusan kyauta ne: wanke hanci da ruwan gishiri. Mutane kan raina shi saboda arha, ni kuwa da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in ba ki, shi zan zaɓa. Ki tafasa ruwa rabin lita, wato kimanin leda ɗaya ta fiya wata, ki bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Ki zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, shafaffe ba mai tozo ba. In kina da bakin soda (ba bakin foda ba), wato sodar da ake sa wa cincin da kek, ki ƙara rabin cokali, tana rage raɗaɗi. In babu, gishirin ya isa. Kada ki sa kanwa. Ki sayi babban sirinji a kemis ki cire allurar, ko gorar roba ta wanke hanci in kin samu. Ki sunkuya kan baho, ki buɗe baki kina numfashi ta nan, ki ɗan karkata kai, ki tura ruwan a hankali ta hancin da ke sama. Zai zagaya ya fito ta ɗayan, wani ya gangaro baki ki tofar. Ki juya ki yi wa ɗayan. Sai ki fyace a hankali, hanci ɗaya bayan ɗaya, ba irin fyacewar da ke sa kunne ya yi ƙara ba. Safe da dare. Ranar farko za ki sha mamakin abin da zai fito, musamman in kin wuni kina rubutu da alli a gaban allo.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu, shaƙa ruwa muke yi a alwala kullum. Bambancin shi ne wannan yana shiga can ciki, don haka dole ruwan ya zama tafasasshe, ba na rijiya ko na tanki ko na 'yan garuwa kai tsaye ba. Akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi, wadda in ta bi ta saman hanci takan kai ƙwaƙwalwa. Ba kasafai ake samunta ba, amma in ta kama da wuya a tsira, tafasawa kuma tana kashe ta. Ki haɗa sabon ruwa kullum, ki wanke sirinjin ki shanya. Ruwa zalla ba gishiri kuwa raɗaɗi yake yi, yana ƙara kumbura fatar. In kina azumi, ki mayar da wankin bayan buɗa-baki da lokacin sahur.

Na biyu shi ne feshin hanci mai rage kumburi, irin su mometasone, fluticasone ko beclomethasone. Kwalbarsa ta yi kama da waccan, aikinsu kuwa ya sha bamban. Wannan ba ya buɗe hanci nan take, sai ya yi kwanaki, cikakken amfaninsa ma sai wajen sati biyu. Shi ya sa ake fesawa kwana uku a ce ba ya aiki a jefar. Mutane kan tsorata in sun ji dangin sitiroyid ne, suna tuna ƙwayoyin da 'yan mata ke sha don ƙiba, amma na hanci kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Ki samu likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna ya rubuta miki, ki faɗa masa in kina da ciki ko ciwon hawan ruwan ido. Yadda ake fesawa: bayan wankin hanci da kamar minti goma, ki ɗan sunkuyar da kai, ki riƙe kwalbar da hannun dama ki fesa wa hancin hagu, da hagu ki fesa wa na dama, bakin kwalbar na kallon wajen kunne, ba bangon tsakiya ba. Fesa wa bangon tsakiya ne ke kawo haɓo. Kuma kada ki zuƙe da ƙarfi; in kin ji ɗacinsa a maƙogwaro, ya wuce inda ake so.

Farasitamol ba laifi, amma ki riƙa ƙirge. Babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a awa 24, kuma yawancin magungunan mura na kati da farasitamol a cikinsu, sai mutum ya ninka bai sani ba. Wasunsu kuma suna ɗauke da sinadarin da ke tayar da hawan jini. Ibuprofen yana taimaka wa irin wannan ciwo, amma ba ga mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba. Sai wani abin da ba a cika sani ba: wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, watanni a jere, maganin da kansa kan koma haddasa ciwon kai. Ba ki kai nan ba, amma kin kama hanya, don haka ki fara tsallake ranakun da ciwon bai matsa ba. Ƙullin nan na “haɗi” da ake ɗauro wa mutum a leda ba suna, da taramol, da allurar da ake cewa tana busar da mura, ki yi nesa da su. Tsumma mai ɗumi a kan kumatu da goshi na minti goma yana rage nauyin fiye da yadda ake zato.

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai sunan da ta ba abin. Ba sanyi ne ya shige ki ya zauna ba, iskar da kike shaƙa ce ke hana raunin warkewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga bushewar da ke fasa leɓe da dunduniya. Abin da ta yi wa leɓenki shi take wa cikin hancinki. Ki sa takunkumi in za ki hau Keke ko za ki shiga Kasuwar Gumi, ki yayyafa ruwa kafin shara, ki kawar da fanka daga saitin fuskarki, ki yawaita shan ruwa. Sannan, ki yi haƙuri, turaren wuta. Na san abin da nake roƙo in na ce wa matar aure ta ajiye kasko, amma ki ba shi hutun wata ɗaya, ko ki turara ɗakin ki fita sai hayaƙin ya lafa. Haka maganin sauro na kunnawa, gara gidan sauro. Haka hayaƙin janareta da na gawayi. Ruwan sanyi da wankan safe da ake ɗora wa laifi ba su ne ke tara majina a kogo ba.

Sirace yana sa mutum ya ji daɗi na ɗan lokaci, ban hana ba, amma ba ya gajarta ciwon, kuma na ga ƙunar ruwan zafi a cinya da ƙirjin yara sanadinsa. Man zafi mai mantol sanyinsa ne ke sa ki ji kamar hanci ya buɗe. A shafa a ƙirji, kada a cusa a hanci. Shayin citta da kanumfari da zuma ki sha abinki. Amma tura tafarnuwa cikin hanci, ko ɗiga man habbatus sauda da man zaitun, ko shaƙa garin magani don a yi atishawa, wannan garin neman gira ne a rasa ido. Tafarnuwa ƙona fatar take yi, ruwan da ke zubowa bayanta ba ciwon ne ke fita ba, kukan hancin ne. Mai kuma yakan silale ya shiga huhu.

Akwai wani ɓangare da nake so ki riƙe, don shi ne ke sa mutane su shekara suna maganin abin da ba shi ke damunsu ba. Ciwon sainus na gaske yana tafiya da alamun hanci: toshewa, majina ta gaba ko mai gangarawa maƙogwaro, raguwar jin ƙanshi. In hanci ya washe sarai amma fuska na ci gaba da ciwo, to mai yiwuwa ciwon ba daga kogon yake ba. Jijiya ɗaya ce babba ke kai saƙon ji daga goshi, kumatu, hanci, haƙora da muƙamuƙi, don haka ƙwaƙwalwa kan rikita inda ƙarar ta fito. Binciken da aka yi kan masu cewa suna da ciwon kan sainus ya nuna kusan 9 cikin 10 ciwon ɓarin kai ne, wato maigiren. Shi ma yana toshe hanci, ya sa ido hawaye. Alamarsa: yana zuwa ya tafi, yana sara, ga tashin zuciya, mutum ba ya son haske da hayaniya, sai ya nemi ɗaki mai duhu, ga mata kuma yakan bi lokacin al'ada. Akwai kuma wani nau'in da ya fi kama da bayaninki: matsi iri ɗaya dama da hagu a kan karan hanci, ƙarƙashin idanu da goshi, kullum yana nan, ba ya hana aiki amma ba ya barin mutum ya sake. Ɗan'uwan ciwon kan gajiya ne da ya sauko tsakiyar fuska, kuma mura kan tayar da shi. Maganinsa ba na hanci ba ne. Likita kan ba da ɗan ƙaramin awo na amitriptyline da dare, a jira kamar sati shida kafin a yanke hukunci. Wasu kuma cije haƙora suke yi cikin barci, su tashi muƙamuƙi a gajiye.

Haƙori ma kada a manta da shi. Saiwoyin turamen sama suna dab da ƙasan kogon kumatu. Wani magidanci mai walda a Panteka ya yi wata huɗu yana zagayen kemis da ciwon kunci ɗaya da wani wari da shi kaɗai yake ji a hancinsa. Na ɗan ƙwanƙwasa masa turmin sama na hagu da bayan ƙarfen dubawa, sai da ya miƙe daga kujera. Likitan haƙori ne ya warkar da shi, ba ni ba.

Batun hoton kai: kada ki kashe kuɗinki yanzu. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna abin kirki a nan. Babban hoton nan na siti-sikan kuma yana nuna abu fiye da kima: a wani bincike da aka buga a Amurka a 1994, an ɗauki hoton masu mura ta yau da kullum, sai aka ga kusan 87 cikin 100 kogon kumatunsu ya nuna canji, kuma yawancinsu suka washe ba tare da antibayotik ba. In kin yi shi yau, za a rubuto miki sakamako mai ban tsoro a kan abin da ke kan hanyar warkewa. Leƙa hanci da siririyar na'ura mai fitila ya fi shi amfani, kuma minti kaɗan ne.

Ga abubuwan da ba a kwana da su a gida. Kumburi ko ja a fatar ido, ido ya turo, ganin abu biyu-biyu ko gani ya ragu. Kumburi a goshi. Ciwon kai mai tsananin da ba ki taɓa ji ba, da zazzaɓi, amai, sanƙarewar wuya ko ruɗewa. Muna yankin sanƙarau, kuma lokacinsa ke nan daga hunturu zuwa bazara. Ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi a ɓari ɗaya na goshi ko kan hanci, waɗanda ƙwayar ƙarambau ce da ta farka, maganinsu kuma ya fi aiki in an fara cikin kwana 3. Mai ciwon suga da fuskarsa ta kumbura ko ta mutu ɓari ɗaya, ko aka ga baƙin ɓawo a hancinsa, shi ma asibiti a ranar. Toshewar hanci ɗaya tak da ba ta sauya ɓari, tare da jini-jini, ba ta gaggawar dare ba ce, amma kada ta wuce sati ba a duba ba.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ki ba tsarin nan sati uku zuwa huɗu: yaye waccan kwalbar, ruwan gishiri safe da dare, feshin rage kumburi kullum ba fashi. Ki samu bayan littafin darasinki ki riƙa rubuta layi ɗaya kowace rana: ina ne ke ciwo, ƙarfinsa daga 1 zuwa 10, hanci a toshe ko a buɗe, ƙwaya nawa kika sha. Sauƙin irin wannan ciwo ba ya zuwa a miƙe, yau da dama gobe ya ɗan dawo, sai a takarda za ki ga cewa satin nan ya fi wancan. In lokacin ya cika ba canji, ko abin ya ƙaru kafin nan, ki nemi likitan hanci. A nan Kaduna mun yi dace: Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a garin nan take, kuma duk da sunanta, hanci da maƙogwaro ma aikinta ne, ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika in Zariya ta fi miki sauƙi. Ranar da za ki je, ki zuba duk kwalayen magungunan da kika sha a leda, har waɗanda suka ƙare, ki haɗa da takardar nan ki tafi da su.